Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da kimiyya da littattafan hotuna na tafiya sararin samaniya

Littattafan yara masu hotunan kumbo da taurari, waɗanda ake samu a wasu makarantu da gidaje a Maraɗi, galibinsu da Faransanci, suna jan hankalin yara ƙwarai. Sai dai mai zane shafi ɗaya gare shi, dole ya matse abin da ba ya matsuwa, shi kuwa yaro yakan ɗauki zanen a matsayin gaskiya muddin malami bai tsaya ya warware masa ba.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne na nisa. A shafi ana ganin wata dab da duniya, alhali tsakaninsu akwai kimanin kilomita 384,000, kuma faɗa wa yaro wannan adadi kawai ba ya amfana masa komai. Gyaran a filin makaranta yake: a ajiye ƙwallon ƙafa a matsayin duniya, a ba wani ɗalibi lemu a matsayin wata, ya yi ta ja da baya har kusan mita shida da rabi. A wannan ma'auni rana tana can fiye da kilomita biyu da rabi, ita kuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba ta kai santimita ɗaya daga jikin ƙwallon ba, domin tsayinta daga ƙasa kimanin kilomita 400 ne, wato bai kai nisan Maraɗi zuwa Yamai ba.

Daga nan sai batun ƴan sama jannati da ake zanawa suna shawagi a cikin kumbo. Malamai da dama sukan ce wai babu ƙarfin janyowar duniya a can, kuma wannan ba daidai ba ne, domin a tsayin tashar ƙarfin yana nan kusan kashi 90 cikin 100 na yadda yake a ƙasa. Abin da ke faruwa shi ne tashar da mutanen cikinta faɗowa suke yi tare, amma saboda gudun kusan kilomita 28,000 a awa, sai su riƙa kewaya duniya cikin kimanin minti 90 ba tare da sun taɓa ƙasa ba. A huda gorar roba daga gefe kusa da gindi, a cika ta da ruwa, a sake ta daga wuri mai tsayi; yara za su ga ruwan ya daina tsartuwa yayin da gorar take faɗowa.

Akwai kuma masu koyar da cewa inuwar duniya ce take rage wata har ya zama jinjiri. Inuwar duniya husufin wata take haddasawa, yadda watan da kansa yake tare rana a husufin rana, irin wanda ya ratsa Nijar ranar 29 ga Maris 2006. Sauyin kamannin wata kuwa ya danganta ne da yawan ɓangarensa mai haske da yake fuskantarmu, kuma fitila ɗaya da lemu a ɗaki mai duhu sun isa a nuna hakan, musamman gab da azumi, lokacin da hankalin kowa yake kan ganin wata.

Ƙarar kumbo da ake rubutawa a tsakiyar taurari ƙawa ce kawai, tunda sauti ba ya tafiya inda babu iska. Haka nan kada a bar tarihin ya tsaya kan saukar Neil Armstrong a wata a 1969, domin Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya riga kowa zuwa sararin samaniya a 1961.

A ganina, rufe littafi ba tare da an fitar da yara waje ba shi ne asara mafi girma. Zara da ake gani da magariba da Gamzaki na asuba abu guda ne, wato duniyar Venus da ke cikin littafin, kuma yaro zai iya nemo ta da idonsa. A zaɓi daren da ƙurar hunturu ta lafa, a ba kowane ɗalibi takarda ya riƙa zana siffar wata kowane dare har mako biyu, sannan a kwatanta zanensa da na littafin a aji.