Kafin ka ce kwantirola ta mutu: kurakuran da aka fi yi wajen haɗa ta da kayan situdiyo

Ba a wata guda wani bai kira ni daga Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12 ba, ya ce, "Oga, kwantirolar nan da na saya ta mutu, gobe zan mayar musu da abinsu kasuwar Alaba." Sai in ce, "Ƙanena, dakata tukuna. Ɗauko min hoton bayanta, inda wayoyi suke shiga, ka turo ta WhatsApp." Kwantirola dai ita ce na'urar nan mai maɓallai da ake bugawa don tuƙa kiɗa a kwamfuta ko wata fiyano. Yawanci daga hoton nan nake gane inda gizo ke saƙar, kuma ba kasafai laifin yake na na'urar ba. Abin yana damuna, don na san yadda yaranmu suke tara kuɗin nan, wani da acaɓa, wani da tsaron shago, sannan a bar na'ura lafiyayya tana shan ƙura saboda waya ɗaya da aka soka inda ba wurinta ba.

Wayoyin situdiyo kaya iri uku suke ɗauka: umarni, sauti da wuta. Duk wayar da ka riƙe, tambayi kanka wanne take ɗauke da shi, daga ina ya taso, ina kuma za shi. Kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa daga rashin wannan tambayar yake fitowa.

MIDI ɗan aike ne, ba makaɗi ba

Tun 1983 aka fito da tsarin MIDI, bayan Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan sun ja gaba wajen ganin na'urorin kamfanoni daban-daban sun fahimci juna. Abin da wayar MIDI take kaiwa saƙo ne kawai: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza a ma'aunin da ya tsaya a 127, an sake shi. Ko ɗigon sauti ba ya bin ta.

Don haka ƙaramar kwantirola irin Akai MPK Mini ta asali ko Novation Launchkey ba ta da murya ko kaɗan, sai ta sami wanda za ta aika wa, ko manhaja a kwamfuta ko wata fiyano. Idan kwantirolarka tana tuƙa fiyano irin Yamaha PSR, kiɗan daga cikin PSR yake fita, kuma dole ka ja wayar sauti daga mafitarta zuwa miksa ko sawun-kad, wato akwatin da ke shigar da sauti kwamfuta ya kuma fitar da shi. Na sha ganin wanda ya kwana yana haɗa kiɗa a manhajar FL Studio da muryoyin PSR, ya ɗauki aikin a filashi zuwa wani situdiyo a Ikeja, aka buɗe aka tarar da shiru. Umarnin ya naɗa, sautin yana gida cikin fiyano. Gyaran shi ne, da ka gama tsara kiɗan, ka sake kunna shi ka naɗi abin da fiyanon take fitarwa a matsayin sauti, layi-layi.

A bayan na'ura za ka ga ramuka masu fil biyar an rubuta IN, OUT, wani lokaci da THRU. OUT na mai aikawa yana shiga IN na mai karɓa. Inda ake rikicewa shi ne wayoyin nan masu araha da ke mayar da USB zuwa MIDI: a wasu, kan da aka rubuta wa IN cikin OUT na fiyano zai shiga, a wasu kuma rubutun yana nufin ramin da za ka soka shi ne. Idan ka haɗa ba ka ji komai ba, juya su. Ba abin da zai ƙone. Shi kuma THRU, abin da ya shigo ta IN yake maimaitawa, ba abin da kake bugawa a na'urar ba, don haka wanda ya ja waya daga THRU na kwantirolarsa zai daɗe yana jira.

Sababbin ƙananan na'urori suna fitar da MIDI ta siririn rami irin na abin saurare na kunne, tare da 'yar gajeriyar waya mai juya shi zuwa fil biyar. Wayoyin nan iri biyu ne, A da B, kuma ido ba ya bambance su. Sai a 2018 aka tsayar da A a matsayin ƙa'ida. Korg da Akai A suke bi, amma wasu tsofaffin kayan Arturia da Novation B ne. In ka sayi tokumbo, nace a ba ka 'yar wayar da ta zo da ita.

Wa ke gida, wa ke baƙo?

USB ya fi MIDI na da sauƙi, amma yana da sharaɗi guda da ba kowa ya sani ba: dole ɗaya ya zama mai masauki, ɗaya baƙo. Kwamfuta mai masauki ce. Kwantirola baƙuwa ce, fiyano ma ta ramin da take haɗuwa da kwamfuta baƙuwa ce. Baƙi biyu ba sa saukar juna, ko da ka zagaye kasuwar Computer Village ka samo wayar da kawunanta suka shiga ramukan biyu. Ko dai kwamfuta ta zauna a tsakani, ko ka nemi ɗan akwatin da aka ƙera don wannan aikin, ko kuma na'urar haɗa kiɗa mai cin gashin kanta irin MPC One, wadda take da ramin masauki a bayanta.

Masu PSR su duba da kyau: ramin da aka rubuta wa USB TO HOST shi ke zuwa kwamfuta, USB TO DEVICE kuwa na filashi ne.

Sauran matsalolin USB ƙanana ne amma suna cin rai. Akwai wayoyin da caji kawai suke yi, fitilun kwantirola su kama tar amma kwamfuta ba ta gan ta ba. Ramin USB 2.0 miliyamfiya 500 yake bayarwa, to in ka rataya kwantirola da sawun-kad da ma'ajiyar bayanai a kan mai raba rami guda wanda ba shi da wutar kansa, za su riƙa ɗaukewa a tsakiyar aiki. Waya kada ta wuce mita 5. Sannan a yawancin kwamfutocin Windows da ke hannunmu, manhaja ɗaya ce take iya riƙe kwantirola a lokaci guda. In manhajar saita kwantirolar tana buɗe a baya, FL Studio ba zai same ta ba sai ka rufe waccan.

An haɗa daidai, amma ana jin shirme

Waya ɗaya ta MIDI tana ɗauke da tashoshi 16. Mai aikawa yana kan tasha ta 1, mai karɓa yana sauraron ta 2, ba za su haɗu ba. In kuma ka buga fiyano ka ji ganguna da kuge, duba ko kana kan tasha ta 10, don a ƙa'idar General MIDI ta 1991 an ware ta ne ga kayan duka.

Wani kuma zai ce sautin fiyanonsa ya sirance, kamar ana magana ta hanci, ko muryoyi suna yankewa. Sau biyu kowane maɓalli yake bugawa: fiyanon ta buga da kanta, ta aika wa kwamfuta, kwamfuta ta dawo mata da shi ta sake bugawa. Shiga saitinta ka kashe Local Control. Ka dai tuna ka mayar da shi in za ka fita da ita wasan biki, in ba haka ba za ka danna ka ji tsit, ka zaci ta lalace.

Batun lokaci shi ya fi ɗaure wa mutane kai. Idan kana da na'urori biyu masu juya kiɗa, kamar MPC da kwamfuta, bai isa ka sa su duka a kan gudu 100 ka danna su tare ba. Ko kaɗan ka saɓa wajen dannawa, saɓanin yana nan, kuma a doguwar waƙa za su iya ƙara rabuwa. A tawagar makaɗa uban kiɗi ɗaya ne, sauran suna bin hannunsa. Haka nan ma: ɗaya za ta aika agogon MIDI, bugu 24 a kowane taku, sauran a sa su su bi agogon waje. In kowacce tana bin na cikinta, kowa tasa ta fisshe shi. In kuma duka an sa su jiran na waje, ba wadda za ta motsa. A FL Studio sai ka kunna Send master sync a kan mafitar da ta dace. Ni na fi son kwamfuta ta zama uban kiɗi in har ita ke naɗar murya, don sauti da aka naɗa ba ya son agogo mai rawa.

Jinkiri tsakanin dannawa da ji kuwa ba laifin wayar MIDI ba ne. Daga girman bafa yake, wato yawan guntayen sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta fitar. A gudun naɗi na guntaye 44,100 a daƙiƙa, bafa 1024 tana jawo jinkirin kusan kashi 23 cikin dubu na daƙiƙa, 128 kuma kusan kashi 3. Sa direban ASIO na sawun-kad ɗinka, wato 'yar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, rage bafa lokacin bugawa, ƙara ta lokacin gauraya.

Gunjin da ba ya cikin waƙa

Mafitar MPC ko fiyano tana da ƙarfi nesa ba kusa ba fiye da makirfo. Ka soka ta a mashigar makirfo, sauti zai farfashe tun kafin ka murɗa komai. Nemi mashigar da aka rubuta wa LINE. Kuma maɓallin 48V na makirfon kwandensa ne. Kashe shi a duk layin da ka haɗa wata na'ura da wayar XLR, mai fil uku irin ta makirfo, don ba kowace mafita ce take jure shi ba.

Gunjin nan mai kauri da ke fita a sifika ko ba a kunna komai ba, amon wutar gida ne, mai bugu 50 a daƙiƙa. Yakan zo ne in kayan suna shan wuta daga soket daban-daban alhali wayar sauti ko USB ta haɗa su. Tara su a kan marabar wuta guda mai kyau. Zare cajar laftof ka saurara. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawon. Sa wayoyi masu zobe biyu a kai, ko XLR, tsakanin sawun-kad da sifika matuƙar duka ɓangarorin suna karɓar irinsu, ka kuma raba hanyar wayar sauti da ta wuta. In ya ƙi, akwai ɗan akwatin da ake kira DI, ko mai raba ƙasar lantarkin na'urorin biyu, da ake sa wa a kan layin sauti. Abin da nake roƙo don Allah kada a yi shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi. Gunjin yana iya tafiya, amma ƙafar nan ita ce tsakanin jikin mawaƙi da wuta ranar da wani abu ya tsage a cikin na'ura. Abin lura: wayar MIDI mai fil biyar ba ta kawo wannan gunjin, don an raba mashigarta da lantarkin mai aikawa tun daga ƙira, shi ya sa wani lokaci barin USB a koma kanta yake zama magani.

Wuta

Yawancin abubuwan da na lissafa ɓata lokaci kawai suke yi. Wannan shi ke kashe na'ura. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma tokumbo da yawa daga can suke zuwa. Karanta jikin adafta kafin ka soka. In an rubuta 100 zuwa 240, bismillah. In 120 kaɗai ka gani, sai da taransifoma mai rage wuta. Abin da ke canja siffar fulogi ba ya rage komai.

Na taɓa rasa wata na'urar ganguna da nake ji da ita. Adaftarta ta ɓace a hanyar wani wasa, na aika a sayo wata, mai shagon ya ba da tabbacin daidai take tun da kan ya shiga. Ina sokawa na ji ƙaurin ƙuna. Bolt ɗin ya yi daidai, amma fuskar wutar a juye take. Tun daga ranar abu huɗu nake dubawa: bolt ya zama daidai cif, amfiya ta kai ko ta fi abin da na'urar ke nema, AC ce ko DC, sannan ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar fil ɗin tarawa ce ko ɗebewa. Fedal ɗin gita na kamfanin Boss, misali, bolt 9 suke ci da ɗebewa a tsakiya, alhali adaftoci da yawa na kasuwa akasin haka suke. Araha ba ta ado a nan.

Ga kuma ɗaukewar wuta da komawa janareto, wani lokaci sau da yawa a zama ɗaya. Lokacin juyawar nan ne wuta take tsalle. Kwamfuta da sawun-kad da kwantirola su zauna a kan UPS ko inbata, a bar janareto ya daidaita gudunsa kafin a ɗora masa kaya. Wajen kunnawa, fara da kayan kiɗa, sai sawun-kad ko miksa, sifika a ƙarshe. Wajen kashewa sifika ce ta farko. Wannan "ɗum" da ake ji in an saɓa, sifika ce take shan sa.

Iskar Legas ma tana da nata rabon. Danshi da gishirin teku suna sa kawunan waya tsatsa, musamman da damina, sai a ji ƙaraf-ƙaraf ko gefe ɗaya ya ɗauke. Feshin wanke mahaɗar lantarki da busasshen ƙyalle sun isa, ban da man inji.

Idan abu ya ƙi kuma ba ka san daga ina ba, kada ka canja abu uku a lokaci guda. Zare komai, ka bar kwantirola da kwamfuta kaɗai, ka duba ko 'yar fitilar MIDI a manhaja tana ƙyaftawa in ka danna. In tana yi, umarni yana isa, sai ka bi sawun sauti. Ƙara na'ura ɗaya, gwada, sannan ta gaba. Yau ɗin nan kuma, kafin a sake ɗauke wuta a yi ta lalube cikin duhu, sami farin selotef da biro, ka rubuta sunan kowace na'ura a jikin adaftarta.