Kafin ku kama hanya da yara

'Yan uwa, in za ku yi doguwar tafiya da iyali, ku sauke waƙoƙi da finafinai a waya tun ana gobe tafiya, domin intanet kan ɗauke a hanya. Sai dai kada yaro ya ƙura wa allo ido mota na gudu. Ido na ganin abu a tsaye, can cikin kunne kuma ana jin motsi, daga nan sai jiri da amai. Ni na fi son littafin sauraro, kowa ya ji tare, a yi ta musu kan labarin. Fim ya jira sai an yada zango. Mai son karatu kuwa, cajin Kindle, wato na'urar karanta littattafai, kan kai makonni, kuma rubutunta na fitowa ko a tsakar rana.