Yadda na gyara fitilun motata da suka dushe

Fitilun gaban motata sun dushe har suka koma ruwan ɗorawa, ta yadda da dare sai na ƙura ido kafin in hango rami. Na zaci ƙwan ne ya raunana, ashe murfin ne, domin roba ce ba gilashi ba, kuma rana ta cinye rufin kariyar da ke samanta.

Man goge baki ya ɗan taimaka, amma hazon bai daɗe ba ya dawo. Sai na wanke fitilun da sabulu, na zagaye gefensu da salatif don kada in karce fenti, sannan na jiƙa samfefa mai lamba 800 ina gugawa ina zuba ruwa, har ruwan da ke gangarowa ya daina fitowa rawaya, ya koma kamar madara. Na bi da mai lamba 1500, sannan 3000, domin ƙaruwar lambar na nufin ƙaruwar laushin samfefar. A nan murfin ya yi fari fat har gabana ya faɗi, amma man goge fenti da tsumma mai laushi suka fito da shi tas. Daga nan na fesa fentin kariya marar launi sau biyu, na bar motar a inuwa, nesa da ƙura, har washegari.