Kurakuran da aka fi yi wajen sa na'urar taswira da bidiyo a mota mai buɗaɗɗen rufi

Yawancin wanda zai sa wa motarsa rediyo mai allo, irin mai nuna hanya da bidiyo, yakan gama aikin ne a inuwa, rufi a rufe, inji a kashe. Allo ya kama, kiɗa ya tashi, sai ya ɗaure sukurori ya tafi. A mota mai rufin ƙarfe wannan kan wadatar. A wadda ake naɗe rufinta kuwa, rabin gwaji kawai aka yi, domin ita mota biyu ce a jiki ɗaya: akwai yadda take idan an rufe ta, akwai yadda take idan an buɗe, ga kuma 'yan daƙiƙun da rufin ke tafiya tsakani, waɗanda a nan ne waya ke tsinkewa.

Tun kafin a taɓa waya, wasu sun riga sun yi kuskure wajen saye. Ramin rediyo iri biyu ne a ma'aunin da ake kira DIN: ƙarami mai faɗin milimita 180 da tsayi 50, da babba mai tsayi 100. Amma ma'aunin bai ce komai game da zurfi ba, kuma ƙananan motoci masu kujera biyu dashbod ɗinsu a matse yake. Ka auna zurfin ramin, ka bar wa wayoyin baya wuri. Mai ƙaramin rami yakan koma ga allon da ke fitowa da kansa ya miƙe. Ni dai ba na ba da shawararsa a irin wannan mota: yana tare iskar iyakwandishan, ƙura na shiga 'yan haƙoransa, ga shi ɓarawo na hango shi daga nesa, alhali tsakaninsa da shi tamfol ne kawai da wuƙa ke yankawa.

Sai rana. Allon da ke ƙyalli a shago, idan rana ta sauka a kansa kai tsaye sai ya koma madubi, ba abin da za ka gani sai fuskarka. Nemi mai haske sosai, wanda fuskarsa ba ta sheƙi, kuma ake iya karkata shi. Idan kana sa tabarau mai tace ƙyalli, ka duba allon da shi a idonka kafin ka biya, don wasu allunan baƙi ƙirin suke komawa ta cikinsa.

Cire kan batir na nagetif kafin fara aiki wajibi ne, a kuma jira 'yan mintoci saboda jakar iskar da ke kare mutum a hatsari, wadda soket ɗinta galibi rawaya ne, ba a tsikararsa da fitilar gwaji. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne abin da ke biyo baya. Ƙofofin irin wannan mota galibi ba su da firam a sama, shi ya sa a da yawa daga cikinsu gilashin ke sauka kaɗan da kansa idan ka ja hannun ƙofa, ya koma idan ka rufe. Da zarar an cire batir, motar kan manta iyakar gilashinta. Na taɓa mayar da batir bayan na gama, na danna maɓallin rufi, shiru. Na kwance rediyon gaba ɗaya ina neman wayar da na lalata, gumi na tsiyaya, ashe ba abin da ya lalace. Gilashin ne ke son a sauke shi har ƙasa, a ɗaga har sama, a riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu. Rufin ba ya motsi sai ya san inda gilashi yake. Ka sauke gilasai kaɗan kafin ka cire batir, ka kuma karanta yadda ake saita su a littafin motar.

Wayoyin wuta uku ne, amma a nan aka fi yin ɓarna. Rawaya wutar batir ce ta kullum, ita ke riƙe ƙwaƙwalwar na'ura. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa ta jikin ƙarfe ce. Idan kullum ka tashi mota rediyo ya manta tashoshi da agogo, ja da rawaya aka musanya, kuma wasu motocin Jamus dama a juye soket ɗinsu yake zuwa. Mai gaggawa sai ya haɗa su biyun a wutar batir, matsala ta kau a ganinsa. Motar shaƙatawa kuwa takan yi mako biyu a ajiye, ranar da aka zo fita da ita batir ya mutu murus. A gwada da mitar auna wuta, kada a dogara da launi, domin launin wayar mota ba lallai ya dace da na rediyo ba. Baƙar kuma a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare fenti, in ba haka ba za ka riƙa jin wani siririn kuka a lasifika da ke tashi duk lokacin da ka taka totur.

Yanke soket ɗin asali na mota ganganci ne. A sababbin motoci rediyo na magana da sauran kwamfutocin mota ta layin CAN, kuma wani lokaci ƙarar gargaɗi, har da saƙon da ke cewa rufi bai kulle ba, ta nan suke bi. Wasu ma amfilifayarsu na sauya sauti idan rufi ya buɗe, wasu na da lasifika a matashin kujera. Adafta da aka yi wa samfurin motarka ce ke tsare duk wannan. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif kuwa ba ya daɗewa, saboda motar da ba ta da rufin ƙarfe ta fi girgiza, ta fi shan zafi da danshi. A yi soda ko a matse da abin matse waya, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

Eriyar GPS 'yar ƙarama ce, sai ake cusa ta bayan rediyo a manta. Tana buƙatar aƙalla taurarin ɗan'adam 4 kafin ta san inda kake, kuma saƙonsu na ratsa roba da gilashi da tamfol, amma ba ya ratsa ƙarfe. Wanda ya gwada da rufi a buɗe zai ga komai daidai, sai an rufe, musamman rufin ƙarfe mai naɗewa irin na Mercedes SLK, taswira ta fara jefa motar cikin gona. Wurinta shi ne gaban dashbod kusa da gilashi, ko ƙarƙashin robar saman dashbod inda babu ƙarfe a kanta, a kwance, fuskarta na kallon sama, a kan ɗan farantin ƙarfen da ke zuwa tare da ita. Makirfo kuma kada a manna shi a saman gilashin gaba kamar yadda ake yi a sauran motoci. Iska kawai mai kiranka zai ji. Bayan sitiyari ya fi.

Wayar birkin hannu, wadda a na'urori da yawa koriya ce mai haske, aikinta hana bidiyo kunnuwa sai mota na tsaye. Ana yawan haɗa ta da ƙarfe don fim ya yi ta tafiya ana tuƙi. Dokar ƙasashe da dama ta hana, kuma a motar da kanka ke waje ba na ganin hujjar yin haka.

Kyamarar baya ce ta fi cin lokaci, domin wayarta sai ta ratsa inda rufin ke kwanciya. A wurin akwai hannayen ƙarfe da ke haɗuwa kamar almakashi, da bututun man haidirolik, da ƙananan na'urorin da ke gane matsayin rufi, da magudanan ruwan sama. Kada ka huda rami sai ka ga abin da ke bayansa. Ka bi hanyar da wayoyin kamfani suka bi, ka ɗaure taka a jikinsu, ka bar ɗan sako-sako a gaɓar da murfin but ke buɗewa. Idan hoton na rawa da inji a kunne, wutar fitilar ribas ce ba ta tsaya cak ba, a sa rile, wato ɗan makunnin da zai ba kyamarar wutar da ta tsaya cak. Kafin ka mayar da ko sukuru ɗaya, sa wani ya danna maɓallin rufi, kai kuma ka tsaya da tocila, hannunka nesa da ƙarafan, kana kallon wayar yayin da rufin ke sauka da tashi, sau uku ko huɗu, har da tsayar da shi a rabi.