Kujerun yamma za ku nema a filin kurket

Jama'a, in za ku sayi tikitin kallon kurket a babban fili, ku zaɓi ɓangaren yamma, sahun sama.

Yawanci wurin jifan ƙwallon daga arewa zuwa kudu ake shimfiɗa shi, don kada rana ta kashe wa mai bugu ido. Da azahar ta gota, rana na bayanku, rumfa ta sauko muku da inuwa. 'Yan gabas kuwa hannu a goshi, allon maki ma da ƙyar suke gani. Wasan yini ɗaya kan kai awa 8, abin ba sauƙi.

Kun ga kun huta da biyan kuɗin ɗakin gilashi, wato keɓaɓɓen ɗakin kallo na manyan baƙi.

Sai dai da safe yamma ke shan rana, ku riƙe hula. Wasan dare kuma ko'ina ɗaya ne.