Darasi Na Shida: Karanta Harsashi Kafin Ka Ɗura Bindiga

Mafarauci da ya iya karatu ya fi wanda bai iya ba tsawon rai, domin abin da ke hana bindiga fashewa a hannu yana rubuce a jikinta da jikin harsashinta. Lambobi ne 'yan kaɗan, kuma su za mu koya a wannan darasi. Maganarmu a kan bindigar farauta ce wadda ake karyawa a sa mata harsashi ta baya, mai baki ɗaya ko mai baki biyu.

Ɗauki harsashi ka duba. Akwai kwanso na roba ko na takarda mai kauri, da gindi na ƙarfe. A tsakiyar gindin akwai wani ɗan zagayayyen ƙarfe kamar ido, shi allurar bindiga ke bugawa wuta ta tashi. A ciki albarushi ne, sai matoshi, sai ƙwayoyin dalma, sannan aka naɗe bakin kwanson.

Lamba ta farko tana gindi: 12, ko 16, ko 20. Ita ce geji, wato faɗin ramin bututun bindiga. A nan ƙidayar a juye take, lamba na ƙaruwa rami na raguwa. Geji 12 faɗinsa kusan milimita 18.5 ne, geji 16 kusan 16.8, geji 20 kusan 15.6.

Ga inda hatsarin yake. In aka sa harsashin geji 20 a bindigar geji 12, ba zai tsaya a mazauninsa ba. Zai zurma gaba ya maƙale cikin bututu inda ido ba ya kai wa. Mai bindiga ya leƙa, ya ga wuri fayau, ya ɗauka mantawa ya yi, sai ya ƙara na geji 12 a baya ya ja kunama. Bututun zai tsage daidai inda hannun hagu ke riƙe da shi. Wannan ya sa kamfanoni da yawa ke yi wa geji 20 kwanso rawaya, amma kada ka dogara da launi, karanta lambar. Kuma kada ka taɓa haɗa geji biyu a aljihu ɗaya, ko da na abokin farautarka ne ya ba ka ajiya.

Lamba ta biyu ita ce tsawo: 65, ko 70, ko 76, duk a milimita. Wasu kwalaye da inci suke rubutawa, 2½ da 2¾ da 3. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsawon da aka rubuta na kwanson da ya riga ya tashi ne, bayan bakinsa ya buɗe. Saboda haka harsashi mai 76 zai shiga bindiga mai 70 lafiya lau, ta rufe ba gardama. Sai an harba, bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, ya matse hanyar dalma, ƙarfin wutar ya wuce abin da aka ƙera bindigar ta ɗauka. Wataƙila ta jure yau, ta jure gobe, amma ƙarfe yana gajiya. Gajeren harsashi a dogon mazauni babu laifi. Dogo a gajere ne haramun.

To ina za ka ga lambar bindigarka? Karya ta, ka tabbatar babu komai ciki, ka cire katakon da ke ƙarƙashin bututu, ka raba bututun da jiki. Duba ƙasansa wajen gindi ko gefensa, za ka ga rubutu irin 12/70. Ma'anarsa geji 12, tsawo 70. In tsatsa ta cinye rubutun, ko kuwa ƙirar gida ce da ba ta da shi tun asali, babu wanda zai iya ba ka tabbacin nauyin da za ta ɗauka.

Sauran lambobin ba su da wuya. Wadda ke da harafin g, kamar 28 g ko 32 g ko 36 g, nauyin dalma ne a giram. Ɗayar kuma girman ƙwaya ce, ita ma a juye: lamba 6 ƙanana ne, ba su kai milimita 3 ba, na tsuntsaye irin su fakara, masu alamar BB kuwa manya ne, sun haura milimita 4.

Yanzu maganar sake cika kwanson da ya tashi. A Amurka mutane suna yi a gida bisa doka, amma da injin matsewa, da sikelin da ke auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, da littafin kamfani mai faɗin awon da ya dace da kowane kwanso da kowane matoshi. Ko matoshin kaɗai aka sauya, awon ya tashi daga aiki. Wanda ke auna albarushi da murfin kwalba caca yake da idonsa da yatsunsa. Albarushin harsashin kanti ma ba irin baƙin albarushin bindigar toka ba ne, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma zuba shi a harba-ka-ruga na iya tarwatsa ta. Guntun ƙusa ko ƙarfen keke a madadin dalma yana kartar bututu, yana iya cijewa a bakinsa inda ramin ya tsuke. Ban da haka, dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba, ita kanta bindigar sai da lasisin 'yan sanda. Shawararmu, kwanson da ya tashi ya gama aikinsa.

Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka yi saurin karya bindigar. Wani harsashin jinkiri yake yi. Ci gaba da nuna bakinta inda babu mutum ko dabbar gida, ka ƙirga talatin a hankali, sannan ka buɗe fuskarka na gefe. In kuwa ta tashi da ƙara mara ƙarfi, kamar tari, dakata. Mai yiwuwa matoshi ya tsaya a hanya. Cire duk harsashi, ka leƙa bututun ta baya wajen haske. Haka za ka riƙa yi kowace safiya kafin fita, domin zanzaro yana son gina gidansa na laka a bututun da aka daɗe da jinginewa, kuma in ka yi tuntuɓe a fadama bakin ya taɓa ƙasa, laka kaɗan ta isa.

Ajiya kuma, raɓar damina ce babbar abokiyar gaba. Kwanson takarda yana kumbura, gindin ƙarfe yana tsatsa ko da yana ƙyalli kamar tagulla, albarushi ya jiƙe. Sa harsashi a akwatin ƙarfe mai kwado, a ɗora shi bisa katako, nesa da murhu da kananzir, ba kuma daf da rufin kwano ba. Kada man bindiga ya taɓa idon gindinsa. Akwatin harsashi daban, wurin bindiga daban, makulli a jikinka. Bayan ka taɓa dalma ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada kuma yara su yi wasa da ƙwayoyin. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariya, ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010.

Aikin aji: malami ya rubuta 12/70 a allo a matsayin bindiga, a ƙarƙashi ya rubuta 12/65, 12/76, 20/70 da 12/70. Kowane ɗalibi ya kwafa a littafinsa, ya zagaye waɗanda za a iya ɗurawa, ya faɗa wa aji abin da zai faru in aka ɗura sauran.