Yadda ake haɗa fitowar fim mai kama da mafarki, wadda za ta hana mai kallo sakat

Tsoro iri biyu ne a fim. Akwai na dodo: abu ya faɗo daga duhu, gaba ya faɗi, a yi salati, bayan minti guda a koma dariya. Akwai kuma wanda babu abin da ya faɗo, babu jini, babu ihu, amma mutum ya kashe waya ya kwanta, fitowar ta biyo shi har kan katifa. Wannan na biyun shi ne aikin fim mai salon mafarki, wanda ya samo tushe daga tafiyar sureyalizim, wato fasaha mai bin salon mafarki, da marubucin Faransa André Breton ya fitar da takardar manufofinta a birnin Paris a 1924. Haɗa shi ba ya cin kuɗi sosai. Abin da yake ci shi ne haƙuri da lissafi.

Tun a 1919 masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya yi rubutu a kan wannan yanayi, ya nuna cewa abin da ya fi tayar da tsikar jiki shi ne wanda aka sani, na gida, idan ya dawo da wata 'yar karkata. Baƙon abu tsantsa bai kai shi ba. Saboda haka matakin farko shi ne zaɓen wurin da mai kallo ya sani kamar tafin hannunsa. A bar kango da maƙabarta da dajin dare. A ɗauki tsakar gida da tsakar rana.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Budurwa ta dawo daga aike. Mahaifiyarta na zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa a faranti. Suka gaisa. Yarinyar ta ɗaga labule ta shiga ɗaki, sai ga uwar zaune a bakin gado, da farantin nan, tana tsintar shinkafa. Iyakar labarin ke nan, kuma bai wuce minti biyu da rabi ba.

Abu ɗaya za a karkatar, sauran a bar su daidai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zari. Darakta ya sa hayaƙi, ya sa jan fitila, ya shafa wa jaruma farar hoda, ya ƙara amsa-kuwwa a murya. Da mai kallo ya ga haka sai ya ce aljana ce, hankalinsa ya kwanta, domin ya samu sunan da zai kira abin. Kai kuma burinka ya rasa sunan. Don haka kayan jikin uwar, faranti, buta a gefe, shanya a kan igiya, duk su zama na yau da kullum.

Gaisuwa kuwa makami ce babba a hannun mai fim ɗin Hausa, domin kowa ya haddace tsarinta, ƙaramin kuskure a cikinta kunne zai kama shi nan take. Yarinyar ta yi sallama, ta durƙusa. Kafin ta buɗe baki, uwar ta ce, "Lafiya lau," ba tare da ta ɗago kai ba. Sannan yarinyar ta ce, "Ina wuni, Inna?" Amsa ta riga tambaya. Kada a maimaita dabarar sau biyu a fitowa ɗaya.

Sharaɗi mafi muhimmanci: babu wanda zai nuna mamaki a cikin fitowar. A mafarki mutum yana ganin mamaci yana shan shayi, ya zauna su yi hira. Idan yarinyar ta zare ido ta dafe ƙirji, ta ɗauke wa mai kallo nauyin firgitar, shi kuma ya huta. Idan ta ci gaba da cire takalmi kamar babu komai, nauyin ya zauna a kan mai kallo shi kaɗai. Darakta Luis Buñuel, ɗan ƙasar Sifaniya, ya yi wannan a fim ɗinsa na ƙarshe a 1977, inda mata biyu, Carole Bouquet da Ángela Molina, suka riƙa karɓa-karɓa wajen fitowa a matsayin mace ɗaya, kuma babu wanda ya tanka a cikin labarin.

Lissafin lokaci

A hirar yau da kullum, tazarar da ke tsakanin maganar mutum da amsar abokinsa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Idan ana ɗauka a kan firam 25 a daƙiƙa, wato kyamara na ɗaukar hoto 25 a kowace daƙiƙa, firam biyar ke nan. A wajen tacewa, ja wannan tazarar ta kai daƙiƙa biyu zuwa uku, wato firam 50 zuwa 75, a wuri ɗaya ko biyu. Ƙasa da daƙiƙa ɗaya ba kowa ke lura ba. Sama da biyar kuma za a ɗauka jarumar ta manta maganarta ne. Ka umarci 'yan wasa tun a wurin ɗauka su riƙa tsayawa tsakanin layi da layi, domin rage shiru a kwamfuta abu ne mai sauƙi, ƙirƙiro shi kuwa wahala.

Ido ma yana da lissafinsa. Mutum na ƙifta ido wajen sau 15 zuwa 20 a minti. Uwar ta yi daƙiƙa ashirin ba ta ƙifta ba, murmushinta kuma ya tsaya a leɓe bai kai ido ba. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya dame shi ba, amma jikinsa ya riga ya gane.

Ana iya rage saurin motsi kaɗan: a ɗauka a firam 30, a kunna a 25, motsin ya koma kashi 83 cikin ɗari na saurinsa. Wannan ya isa ya sa hannun da ke tsintar shinkafa ya yi wani nauyi. Idan aka kai rabin sauri, kowa ya gane dabarar, ta koma irin ta fitowar soyayya. A tuna cewa sautin wannan ɗaukar ba zai yi amfani ba, sai an naɗi wani daban an ɗora.

Sauti, inda rabin aikin yake

Duk wanda ya kalli fim ɗin Eraserhead na darakta David Lynch, wanda ya fito a 1977, zai tuna gunjin da ke ƙarƙashin kusan kowace fitowa, kamar akwai masana'anta a bayan bango. Lynch da mai haɗa sautinsa Alan Splet ne suka gina shi da hannu. Ga yadda za a yi irinsa da kayan da ke kusa.

Da farko, bayan an gama ɗauka, kowa ya yi shiru a naɗi sautin wurin na minti ɗaya cur. Sannan a naɗi sautukan gida ɗaya-ɗaya, kowanne daban: kukan kaji, hayaniyar yara a waje, rediyon maƙwabta, ƙarar babur daga nesa, da karan shinkafa a kan faranti. A farkon fitowar a ɗora su duka. Daga nan a riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya, kowane daƙiƙa goma zuwa sha biyar, a hankali. Lokacin da yarinyar za ta kai hannu ga labule, babu abin da ya rage sai karan shinkafar. Ba za a lura da tafiyarsu ba, sai dai a ji gidan ya mutu. Kada a bar shiru tsantsa na kwamfuta. Mai kallo zai zaci wayarsa ce ta samu matsala, ya fita daga labarin ya shiga taɓa maɓalli. Sautin wurin da aka naɗa shi ne zai riƙe ƙasa.

Na biyu, gunji. A naɗi ƙarar firij, ko fanka, ko janareta daga nesa, a rage saurinta zuwa rabi a manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce. A ajiye ta wajen desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 20 zuwa 25 ƙasa da muryoyi, a ƙara mata desibel shida a hankali cikin minti guda. A nan ne masu koyo ke faɗawa rami. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga haz 20 (haz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa, ƙarancinsa ke sa sauti ya yi zurfi), kuma sinima tana iya fitar da gunji mai zurfi sosai, amma lasifikar yawancin wayoyi ba ta fitar da abin da ke ƙasa da haz 200 yadda ya kamata. Mai tacewa yana jin gunjinsa a babbar lasifika yana murna, masu kallo a waya ba su ji komai ba. Maganin shi ne a ɗora wani gunjin a samansa, tsakanin haz 200 da 400, sannan a saurari aikin a waya mai araha kafin a sake shi.

Kiɗan tsoro na gama-gari, a bar shi. Yana sanar da mutum cewa abu na tafe, ya shirya.

Maganar baya-baya

A shirin talabijin na Twin Peaks, wanda Lynch da Mark Frost suka fara a Amurka a 1990, mutanen wani jan ɗaki da ake gani a mafarki suna magana da wata irin murya da ake ganewa amma ba ta zauna daidai ba. Hanyar ita ce: a naɗi layin yadda yake, a juya shi baya a kwamfuta, ɗan wasa ya saurari juyayyen har ya haddace, ya faɗe shi haka a gaban kyamara yana motsi baya-baya, sannan a juya hoton da sautin gaba ɗaya.

Da Hausa abin ya fi wuya. Karin sauti da tsawon wasali su ke bambanta kalmomi, juyawa kuma tana dagula su, haruffa irin ƙ da ɗ da ɓ da ts suna fitowa a murɗe. Kada layi ya wuce kalma huɗu ko biyar, a ba ɗan wasa kwana biyu ko uku yana bita, kuma a rubuta maganar a ƙasan hoto kamar yadda aka yi a wancan shirin. A share bayan fage daga duk abin da zai tona asiri: hayaƙin murhu zai koma cikin wuta, ruwa zai koma buta, kaza za ta yi tafiya da baya. Ga misalinmu, uwar da ke cikin ɗaki ita kaɗai za ta yi wannan, kuma layi ɗaya tak.

Kyamara da haske

A kafa kyamara a kan ƙafafunta, kada ta yi rawa. A bar wani ɓangare na hoton fanko, kamar ƙofar da ke buɗe a bayan uwar. Ido zai yi ta komawa can yana jiran abin da ba zai zo ba. Idan za a karkata kyamara, digiri biyu ko uku ya isa. Gilashin kyamara mai ɗaukar wuri da faɗi, kamar na milimita 24, idan aka matso da shi rabin mita daga fuska, yana kumbura hanci ya ja kunnuwa baya. A yi amfani da shi sau ɗaya, a kan uwar cikin ɗaki. Rana ta fi dare a wannan aiki, kuma ƙananan kyamarori suna cika hoto da ƙura a duhu. A cikin ɗaki, tunda wutar lantarkin Najeriya da Nijar haz 50 ce, a sa saurin shata, wato lokacin da idon kyamara ke buɗewa ga kowane hoto, a ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa, in ba haka ba fitila za ta riƙa ɓari a hoto. Janareta da ba ya tafiya daidai yana kawo ɓarin ko da an saita, don haka fitila mai batir ta fi aminci.

Nuna uwar a wuri biyu yana da hanya uku. Mafi sauƙi, yanka: a nuna ta a waje, a yanka zuwa ciki. Mafi tasiri, ɗauka ɗaya ba yanka: kyamara ta bi yarinyar a hankali, jarumar kuma ta zagaya ta wata ƙofar ta zauna a bakin gado kafin labule ya ɗagu, da faranti na biyu yana jiranta. Wannan na buƙatar ɗaki mai ƙofa biyu da bita sau biyar ko shida, kuma ta daidaita numfashinta kafin kyamara ta iso. Ta uku, a ga su biyun a hoto ɗaya: a kulle kyamara da haskenta da saitin launinta, a ɗauki ɓangaren waje, a ɗauki na ciki, a haɗa rabi da rabi. A gama duka cikin minti goma, domin inuwa na tafiya, layin haɗin zai bayyana.

Kada a fassara

Yarinyar ba za ta farka tana cewa ashe mafarki ne ba, kuma ba za a kai ta wajen malam ya bayyana ko wace ce a ɗakin ba. Duk bayanin da aka bayar yana kashe abin da aka gina. Sai dai shi darakta dole ya san ƙa'idar abin a ransa, ko da ba zai faɗa ba. Misali, uwar ta rasu watanni da suka wuce, gidan ne bai yarda ba. Wannan sanin shi zai hana shi cusa abin da bai dace ba, kuma da shi ake bambance fim mai kama da mafarki da shirme. Yanke fitowar ma a yi shi da wuri: yarinyar ta zauna kusa da uwar, ta miƙa hannu ta fara tayata tsinta, daga waje kuma karan ɗaya farantin bai tsaya ba. A yanka a nan.

Kafin a saki aikin, a nuna wa mutum biyar ko shida da ba su karanta labarin ba, wasu a waya, wasu a talabijin. A kalli fuskokinsu, ba allon ba. 'Yar gajeriyar dariya da waige alama ce mai kyau. Ƙyalƙyala dariya na nufin an zarce, a koma a rage. Tambayar da za a yi musu ita ce me suka ji a jikinsu, kuma a daidai wane wuri.

Masu son ƙara walƙiyar haske su yi hattara, domin tana tayar da farfaɗiya ga wasu. A watan Disamba na 1997 wani kashi na shirin katun na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi ya kai yara sama da 600 asibiti a Japan. Ƙa'idar da gidajen talabijin ke bi ita ce kada walƙiya ta wuce sau uku a daƙiƙa ɗaya. A firam 25, a bar aƙalla firam tara tsakanin farkon wata da farkon mai bi mata.